Takardar Cikin Kwali

Ƙanena yana da shekara 9 lokacin da fatarsa ta fara saɓulewa. Da damina ne, ina hutu a gida Maraɗi. Tari ya kama shi da zazzaɓi, Inna ta kai shi gidan likita na unguwa, aka rubuta masa fararen ƙwayoyin nan da kowa ya sani da "kotiri". Daga wani babban gwangwani aka ƙirgo su, aka zuba a ƴar leda, aka ja layi biyu da biro a jikin ledar: ɗaya da safe, ɗaya da dare. Aka ce mata kada ya tsallake ko sau ɗaya, sai ya shanye duka. Ta kuwa kiyaye.

Tarin ya lafa. Ana cikin murna, a kwana na shida zazzaɓi ya dawo, idanu suka yi ja, ƙuraje suka feso a ƙirji. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ƙyanda ce. Inna ta yi lissafin da kowace uwa za ta yi: maganin nan ya yi aiki da farko, ciwon ne ya dawo, to a ƙara. Ta tsai da mai tallar magani a ƙofar gida, ta nuna masa ledar, ya ba ta irinsu na dala ashirin. Bayan kwana biyu leɓɓansa sun tsattsage, bakinsa ya zama gyambo, ko ruwa ba ya haɗiyuwa. In ka taɓa bayansa sai fata ta biyo yatsanka, kamar wanda tafasasshen ruwa ya zubo wa. Sati uku muka yi a babban asibiti. Ya tashi, alhamdu lillahi. Farcensa sun zube sun sake fitowa, amma idanunsa har yau bushewa suke yi, kullum da maganin ɗigawa a aljihunsa.

Bayan shekara biyu, a Yamai, abokin ɗakina ya sayo wannan maganin a farmasi, cikin kwalinsa. Ya ciro ƙwayoyin, ya jefar da wata takarda mai ninki-ninki a ƙasa. Na ɗauka don rashin abin yi. Rubutu ne ƙanana kamar sawun tururuwa, da Faransanci, gaba da baya. Can tsakiya na tarar da ciwon ƙanena an bayyana shi tiryan-tiryan, da zazzaɓin, da jan idon, da gyambon bakin. An kuma ce da zarar an ga ƙuraje a fata, a tsai da shan maganin nan take, a koma wurin likita. Na daɗe zaune da takardar a hannu. Ashe an san da abin. An san shi tun kafin a haifi Inna.

Tun ranar nake bin sawun wannan takarda: wa ya rubuta ta, me ya tilasta aka rubuta ta, kuma a ina take ɓacewa kafin ta iso gidajenmu. Ni ba ɗalibin likitanci ba ne, harshe nake karanta, don haka ku yi mini uzuri in kun ga ina yawan tsayawa kan kalmomi.

Bari ma in fara da kalmar. Bahaushe bai taɓa ɗaukar "magani" a matsayin abu mai alheri zalla ba. Maganin tari magani ne, maganin kusu (ɓera, in ji mutanen Kano) shi ma magani ne, kuma in aka ce "an yi wa wane magani" kowa ya san ba asibiti aka kai shi ba. Girkawan dā haka suke: kalmarsu "pharmakon", wadda ta haifi "farmasi" da muke faɗa yau, tana nufin abin warkarwa, tana kuma nufin guba. Abin da Faransanci ke kira "effets indésirables" mu mukan ce "illa", kalmar da muka aro daga Larabci, inda take nufin cuta ko aibi. Wato harshen ya riga ya san zancen. Doka ce ta makara, kuma labarin yadda ta farka ya fara ne da dangin wannan kotiri ɗin.

Kotiri haɗin magani biyu ne, ɗayansu daga gidan da ake kira salfa. Kakan gidan wani jan rini ne mai suna Prontosil, wanda Gerhard Domagk na kamfanin Bayer a Jamus ya gano yana kashe ƙwayoyin cuta a jikin ɓeraye, ya buga sakamakon a 1935. A wannan shekarar masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Paris suka nuna cewa ba rinin ne ke aikin ba, wani ɓangarensa ne marar launi, salfanilamid, wanda jiki ke ɓallewa daga rinin. Shi kuwa salfanilamid an daɗe da saninsa, babu mai haƙƙin mallakarsa, kowa na iya haɗawa ya sayar. Ku tuna a lokacin penisilin bai shigo kasuwa ba. Matar da zazzaɓin jego ya kama, ko yaron da sanƙarau ya kama, addu'a ce kawai gatansu. Sai ga ƙwaya tana tayar da su. Kamfanoni suka yi ca a kai.

A 1937 wani kamfani a jihar Tennessee ta Amurka, S. E. Massengill, ya ga cewa yara da wasu manya sun fi son magani na ruwa. Matsalar ita ce salfanilamid ba ya narkewa da kyau a ruwa. Babban mai haɗa magungunan kamfanin, Harold Watkins, ya nemo abin da zai narkar da shi: wani ruwa mai kauri, mai ɗan zaƙi, sunansa dayetilin gilaikol, irin wanda ake sa wa a man birki da ruwan sanyaya injin mota. Aka ƙara ƙamshin ƴaƴan itace. Aka duba launi, aka duba ƙamshi, aka ɗanɗana. Ba a ba ko kusu ɗaya ya sha a gani ba, domin babu dokar da ta ce a yi hakan. Aka haɗa galan 240, aka raɗa masa suna "Elixir Sulfanilamide", aka aika shaguna a watan Satumba. Kafin Oktoba ya ƙare likitoci a birnin Tulsa sun fara ba da labarin marasa lafiya da fitsarinsu ya tsaya cak. Wannan ruwa ƙoda yake kashewa. Mutum sama da 100 suka mutu a jihohi 15, da yawansu yara.

Ga inda ɗalibin harshe zai gyara zama. Da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tashi kwashe sauran kwalaben, sai ta tarar dokar lokacin ba ta haramta sayar da maganin da ba a gwada ba, ko da yana kisa. Abin da ta haramta shi ne yin ƙarya a lakabi. A ƙa'idar masu haɗa magani, ba a kiran abu "elixir" sai in akwai barasa a cikinsa, wannan kuwa babu. Da wannan kalma ɗaya aka kama kamfanin, da ita aka baza kusan dukan ma'aikatan hukumar suna bi shago-shago, gida-gida, har suka tattaro galan 234 da ɗoriya. Da kamfanin ya rubuta wata kalmar da ke nufin "narkakken abu" kawai, da hukuma ba ta da hurumin taɓa ko kwalba ɗaya. An ci su tarar dala 26,100 ta Amurka. Watkins ya kashe kansa. A watan Yuni na 1938 Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan sabuwar doka: daga yau, sai kamfani ya kawo shaidar cewa maganinsa ba ya cutarwa kafin ya sayar.

Kada ku ce tsohon labarin Turawa ne. Wannan ruwan dai, da yake ya yi kama da gilisarin kuma ya fi shi araha, bai daina shiga kwalaben yara ba. A 1990 ya shiga siron farasitamol a Najeriya, yara sama da 100 suka mutu, 47 daga cikinsu a Jos. A ƙarshen 2008 ya dawo cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, ya ci yara 84, har da na Zariya. A 2022 ya kashe yara wajen 70 a Gambiya cikin siron tari da aka shigo da shi daga Indiya. Duk wanda ya san yadda kaya ke ratsowa ta Jibiya da Dan Isa zuwa kasuwar Maraɗi ya san Zariya ba nisa gare ta ba.

Mu koma 1937. Cikin waɗanda aka sa su gwada kwalaben Massengill a kan dabbobi a Jami'ar Chicago akwai wata ɗaliba ƴar Kanada, Frances Oldham. Yadda ta samu gurbin ma abin dariya ne: malamin da ya ɗauke ta, Eugene Geiling, ya zaci namiji ne, har wasiƙarsa ta fara da gaisuwar da ake yi wa maza, don a Ingilishi harafi ɗaya ne ya raba Frances na mata da Francis na maza. Ta yi shiru ta zo. Bayan shekara 23, tana matar aure mai suna Frances Kelsey, ta kama aiki a waccan hukumar ta magunguna, kuma cikin takardun farko da aka ajiye mata a tebur a 1960 akwai neman izinin sayar da wani maganin barci, talidomid. An ba ta shi ne don ana ganin aiki ne mai sauƙi, na sabon shiga.

Sauƙin kuwa yana da dalili. Kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma yana sayar da shi tun 1957 da sunan Contergan, da farko ma ba a buƙatar takardar likita. Ana tallarsa a matsayin maganin da ba ya cutarwa, mata masu ciki suna sha don tashin zuciya da rashin barci, ya shiga ƙasashe fiye da 40. Kelsey ta karanta takardun ta ga shaidar ba ta ƙoshi ba. Doka ta ba ta kwana 60, in ba ta ce komai ba izini ya tabbata da kansa. Sai ta riƙa mayar da takardun kafin wa'adin ya cika tana neman ƙarin bayani, lissafin kwanakin ya koma farko. Kamfanin Amurka da ke neman izinin ya matsa mata lamba, ya kai ƙararta wurin manyanta. Ana cikin haka ta ga wasiƙar wani likita a wata mujallar likitocin Ingila yana cewa masu shan maganin na tsawon lokaci suna jin yatsunsu na mutuwa. Ta tambaya: in yana taɓa jijiyoyin babba, me yake yi wa ɗan tayi?

Amsar ta zo a ƙarshen 1961. Widukind Lenz a Hamburg da William McBride a Ostireliya, kowa ta hanyarsa, suka lura cewa jariran da ake ta haifa babu hannaye ko babu ƙafafu, wasu tafin hannu manne a kafaɗa, uwayensu sun sha talidomid a farkon ciki. Ƙwaya ɗaya ta isa, in ta faɗo tsakanin kwana na 20 da na 36 da shigar cikin, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. An janye shi a Jamus a watan Nuwamba. Jarirai sama da 10,000 abin ya shafa, da yawa ba su yi rai ba. Janyewar ma ta yi wuya, domin an sayar da shi da sunaye barkatai, Contergan a nan, Distaval a Ingila, wani sunan a can, har mace ta ji gargaɗi a rediyo alhali kwalbar na cikin ɗakinta da wani suna daban. Amurka ta tsira da jarirai 17, wasunsu ta dalilin ƙwayoyin gwaji da kamfanin ya rarraba wa likitoci.

Daga wannan masifa aka gina yawancin abin da muke gani yau. Amurka ta tsaurara dokarta a 1962. Ingila ta fito da katin rawaya a 1964, wanda likita ke cikewa ya aika in ya zargi magani da yi wa marar lafiyarsa illa. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa ƙasashe 10 su riƙa tara irin waɗannan rahotanni wuri guda, kuma tun 1978 cibiyar aikin tana Uppsala a Suwidin. Me ya sa ake buƙatar wannan, tun da yanzu ana gwaji kafin a sayar? Saboda lissafi. Ana gwada sabon magani kan ƴan dubban mutane. Illar da ke kama mutum 1 cikin 30,000 tana iya wucewa ba a gan ta ko sau ɗaya ba. Sai maganin ya shiga kasuwa, miliyoyi sun sha, sannan wani likita a wani gari ya ga abin da bai gane ba, ya rubuta, wani a wata ƙasa shi ma ya rubuta, wani ya haɗa biyun.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kuloramfenikol. Daga ƙasar da aka ɗebo a wata gona a Benezuwela aka samo shi a 1947, aka fara sayar da shi a 1949, ya zama sarkin maganin taifot. Cikin ƴan shekaru aka gane cewa a jikin wasu tsirarun mutane yana kashe ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, kuma ba ya dawowa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 1 cikin 24,000 zuwa 40,000. Ba ruwansa da yawan abin da ka sha, kuma yana iya bayyana bayan makonni ko watanni da gama shan maganin, lokacin da ba wanda zai tuna da shi. A ƙasashen masu kuɗi sai aka ture shi gefe. Mu kuwa a nan, cikin yankin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya zana a 1963 ya kira shi ɗamarar sanƙarau, wannan maganin ne ya riƙe mu shekara da shekaru bayan salfa ya daina cin ƙwayar cutar. Allura ɗaya ta kuloramfenikol mai mai, a ƙauyen da ba gado ba ƙarin ruwa, tana tayar da yaro. Sanƙarau in ba a yi magani ba yana iya kashe rabin waɗanda ya kama. A annobar 1996 kaɗai ya kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000. Ka ɗora rabi a hannun dama, ka ɗora 1 cikin 30,000 a hannun hagu, ba sai an kira malamin lissafi ba. Wanda ya yi wa yaro wannan allurar lokacin annoba ya yi daidai. Wanda ya sayi kafso ɗinsa a bakin tasha don cikinsa na murɗawa, shi ne ya ɗauki kasadar a banza. A nan Nijar ma aka yi gwajin 2003 da ya nuna allura ɗaya ta seftiriyakzon tana yin aikin da waccan ke yi.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya karanta ni ya je ya hana ƙanensa magani. Kotirin da ya kusa kashe nawa ƙanen ya warkar da yaran da ba su ƙirguwa, kuma mafi yawan masu shansa ko ƙaiƙayi ba sa ji.

Annobar 1996 ɗin tana da wani labari da ya kamata ɗan Hausa ya sani. A Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, kan yara masu sanƙarau. Yara 200 ne a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran seftiriyakzon. Yara 11 suka mutu, 5 a ɓangaren farko, 6 a na biyu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da baki, da Hausa. Babu takardar yarda da iyayen suka sa wa hannu, don haka ba wanda zai iya nuna mana yau da waɗanne kalmomin Hausa aka fassara "gwaji". A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Shi kuwa Trovan, bayan ya samu izini a Amurka ya bazu cikin manya, a 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

To ita takardar fa? Ta zo a makare fiye da yadda na zata. Da daɗewa bayanin illa na likita ne da mai farmasi, marar lafiya nasa shi ne ya haɗiya. A Amurka sai 1970 aka tilasta saka takardar gargaɗi ta marar lafiya cikin kwalin ƙwayoyin tsarin iyali, bayan mata sun tayar da ƙura kan daskarewar jini da ba a gaya musu ba. Tarayyar Turai ta yi dokarta a 1992: kowane magani da takardarsa, cikin harshen ƙasar da ake sayar da shi. Daga baya suka ƙara cewa sai an ba talakawa takardar sun karanta an tabbatar suna ganewa. Har kalmomin yawa an ɗaure su da lamba. In takarda ta ce "très fréquent", fiye da mutum 1 cikin 10 ke nan. "Rare" na nufin tsakanin 1 cikin 10,000 da 1 cikin 1,000. "Très rare" kuma ƙasa da 1 cikin 10,000. Wata rana a fada muna shan shayi na tambayi abokai, in aka ce abu na faruwa "jefi-jefi", mutum nawa ke nan cikin ɗari? Wani ya ce goma, wani ya ce ɗaya, wani ya ce ya danganta da wanda ya faɗa. Mai fassara takardar magani zuwa Hausa zai yi gumi kafin ya wuce nan.

Wani zai ce a yi zane mana, tun da ba kowa ke karatu ba. An gwada. Talidomid ya dawo aiki bayan an gano a shekarun 1960 cewa yana kwantar da wani mummunan kumburi na masu kuturta, kuma a Barazil an ci gaba da haihuwar jarirai masu irin waccan nakasa. Cikin dalilan da aka ruwaito akwai hoton jikin kwalin: mace mai ciki an ja mata layi a kai. Mai zanen yana nufin "mai ciki kada ta sha". Wasu matan suka karanta shi da "wannan yana hana ciki" ko "yana zubar da ciki".

Saura tambayata ta ƙarshe, inda takardar ke ɓacewa. Ina ganin wuri biyu ne. Na farko gwangwanin nan. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin sayar da muhimman magunguna marasa sunan kamfani a ƙananan gidajen likita, da araha, kuɗin ya riƙa juyawa. Sai kuma aka karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, maganin kwali da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin talaka. Gwangwani mai ƙwaya 1,000 ya ceci mutane, ba na musu. Amma takarda ɗaya ce a cikinsa, in ma akwai, ga mutum hamsin ko ɗari da za su raba ƙwayoyin. Mai talla da tirensa a ka, shi kuma, yanka katin ƙwayoyin yake yi da almakashi, ya sayar maka biyu ko uku, sunan maganin ma ya rabu gida biyu. A nan ne magani ke rasa sunansa ya koma "fara", "mai ja da ɗorawa", "na ciwon jiki".

Wuri na biyu harshe ne. Ko kwalin ya iso da takardarsa, da Faransanci take, ko da Ingilishi in ta Najeriya ta biyo. Ka duba sunayen ciwon ƙanena a ciki: Stevens da Johnson, likitocin yara biyu na New York da suka bayyana shi a jikin yara maza biyu a 1922, da Lyell, likitan fata na Birtaniya da ya bayyana mafi munin nau'insa a 1956. Sunayen mutane ne, ba su gaya wa uwa komai game da abin da za ta gani a jikin ɗanta. A watan Maris na 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Na yi murna kamar kowa, na kuma leƙa farmasi uku a satin da nake wannan rubutu, ban ga kwali ɗaya da ke magana da ita ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne ma'aikacin da ya ba Inna ledar bai yi ƙarya ba. A shanye maganin ƙwayoyin cuta yadda aka rubuta, wannan ƙa'ida ce mai kyau. Rabin zancen ne kawai ya faɗa, ga layi a bayanta har waje, shi kaɗai a ɗakin. Ɗayan rabin bai fi daƙiƙa goma ba.

Da na koma gida hutu na tafi da takardar. Na zauna na fassara wurin da ya shafe mu, na karanta wa Inna tana tsince shinkafa. Na rubuta wani abu mai kama da "idan alamun rashin jituwa da maganin suka bayyana a fata". Ta ɗago ta dube ni.

"Kai, mi kake hwaɗi haka? Wannan Hausar rediyo ce."

Na ce to Inna, ya za a ce?

"Ka ce: in kin ga ƙuraje, ko baki ya yi gyambo, ko ido ya yi ja, ki aje maganin, ki maido yaro yanzu-yanzu, ki zo da ledar. Da haka anka ce mini, da ban saya mishi na biyu ba." Ta yi shiru, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Jininshi ne bai haɗu da shi ba."

Likitan da ya sallame mu ya riga ya gargaɗe mu cewa abin ba a kan kotiri kaɗai ya tsaya ba, duk gidan salfa ne, har da Fansidar na zazzaɓin sauro da ake samu a kowane tire, kuma karo na biyu yakan fi na farko muni. Don haka na yanka kwali daidai aljihu na yi wa ƙanena kati. A sama na rubuta da Faransanci, don likita: sunan maganin, sunan danginsa, shekarar da abin ya faru. A ƙasa na so in sa fassarata, sai na fasa, na rubuta da biro shuɗi: "Jinina bai haɗu da kotiri da Fansidar da danginsu ba. Kada a ba ni." Yana cikin ledar katinsa na makaranta, tare da maganin idon.